Kobal mai kaurin atam uku: yadda na auna shi a Maraɗi

Duk wanda ya koyar da darasin maganaɗisu ya san ƙa'idar nan: ƙarfe mai faɗi kuma siriri, maganaɗisunsa kwanciya yake yi. Goga wa allura mayen ƙarfe, ƙarfin zai bi tsawonta. Goga wa reza, zai bi shimfiɗarta, ba zai yarda ya miƙe ya ratsa kaurinta ba. Shekara da shekaru ina faɗa wa ɗalibaina na lise, wato babbar sakandare, haka, kuma gaskiya ce. Amma akwai inda ƙa'idar take karyewa. In aka rage kaurin kobal, wani ƙarfe da maye ke ja, har ya koma atam uku ko huɗu, aka rufe shi sama da ƙasa da filatinam, sai maganaɗisun ya tashi tsaye, ya dubi sama ko ya dubi ƙasa. Na karanta wannan tun ina jami'a, na amsa tambaya a kansa a jarrabawa, amma idona bai taɓa gani ba. Bara na ƙudura sai na gani, kuma a nan Maraɗi, da abin da hannuna zai iya kaiwa.

Dalilin kwanciyar ba shi da wuyar fahimta. In maganaɗisun faranti siriri ya tsaya, fuskar sama gaba ɗaya ta zama kan arewa, ta ƙasa ta zama kan kudu, ga su dab da juna. Sai su haifar da wani ƙarfi a cikin ƙarfen da ke tura maganaɗisun baya. Tsayuwar nan tana cin kuzari, kuma ana lissafa shi: a kobal ya kai kimanin jul miliyan 1.2 a kowace mita kubik. In ya kwanta kuwa, kawunan biyu suna can bakin farantin, nesa da juna, kusan ba ya biyan komai. Shi ya sa kwanciya ta fi masa araha.

Abin da ke tayar da shi daga fuska yake zuwa. A 1954 Louis Néel, masanin Faransa da ya karɓi kyautar Nobel a 1970, ya nuna cewa atam ɗin da ke fuskar ƙarfe ba halinsa ɗaya da na ciki ba. Na ciki yana da maƙwabta irinsa ta kowane ɓangare. Na fuska kuwa, maƙwabtansa na sama wasu ne daban, ko ma babu su sam. Wannan rashin daidaito yana sauya yadda ilektaron ke kewaya atam, kuma da yake juyin da ilektaron ke yi a kan kansa, wanda shi ne tushen maganaɗisu, ɗaure yake da wannan kewayawar, sai ya fifita wata alkibla a kan sauran. Filatinam atam ne mai nauyi, lambarsa 78, ɗaurin nan yana da ƙarfi ƙwarai a cikinsa, kuma inda ya haɗu da kobal alkiblar da ake fifitawa ita ce tsaye. Fifikon alkibla ke nan, abin da masana ke kira anizotorofi. Gradmann da Müller sun fara ganin tsayuwar a Jamus a 1968, a gaurayen nikel da baƙin ƙarfe da bai kai kaurin atam biyu ba. A 1985 Carcia ya same ta a Amurka a shimfiɗun kobal da faladiyam da aka jera bisa juna.

To ja-in-ja ne tsakanin jiki da fuska. Rabon jiki yana ƙaruwa da kauri, na fuska kuwa yana nan yadda yake, domin fuska biyu ce kawai ko ƙarfen ya yi kauri ko ya yi siriri. Kafin in taɓa kowane kaya sai da na zauna na yi lissafin a takarda. Ƙarfin fuskar kobal da filatinam yakan faɗa tsakanin rabi da ɗaya na milijul a murabba'in mita, gwargwadon kyan shimfiɗa. Na ɗauki 0.7. A kaurin nanomita 0.6 (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita), in aka raba ƙarfinsu da kaurin, fuskokin biyu suna ba da kusan jul miliyan 2.3 a mita kubik, sun ninka na jiki kusan sau biyu, dole ya tsaya. A nanomita 2 suna ba da miliyan 0.7 kacal, dole ya kwanta. Inda suke yin kunnen doki yana wajen nanomita 1.1. Waɗannan kauri uku na roƙa.

Wanda na roƙa wani abokina ne da muka yi karatu tare a Yamai, yanzu yana digirin dakta a Faransa. Irin wannan shimfiɗa ba a yin ta da hannu. A cikin tukunyar ƙarfe ake yi, wadda aka zuƙe iskarta, a saki iskar argon kaɗan, a sa ta ta riƙa bugun dunƙulen kobal ko filatinam, atam ɗin da suka ɓalle su sauka a kan silikon, a auna kauri da daƙiƙoƙin da aka bar murfi a buɗe. Da izinin malaminsa ya ware mini guntaye daga ragowar aikinsu, ya haɗa da na huɗu, silikon tsura da ba a shimfiɗa masa komai ba. Ya ce in ajiye shi, zan bukace shi. Wani mai dawowa gida ya kawo mini su cikin ƴar kwalin roba. Gutsattsarin madubi ne masu duhu-duhu, kowanne bai wuce santimita ɗaya a faɗi ba, an rubuta lamba a bayansa da alƙalami. Na kusantar da mayen lasifika, ko motsi ba su yi ba. Ba mamaki, domin kobal ɗin da ke kan mafi siririn bai wuce rabin mikrogiram ba. Babu kamfas da zai ji shi.

Haske ne zai ji shi. A 1877 John Kerr ya gano a Sukotland cewa hasken da aka tace yake kaɗawa ta alkibla ɗaya, in ya bugi fuskar maganaɗisu ya dawo, alkiblar kaɗawarsa tana ɗan karkacewa. In maganaɗisun yana duban sama ta karkata dama, in yana duban ƙasa ta karkata hagu. A 1985 Moog da Bader suka nuna a Amurka cewa dabarar tana aiki har a shimfiɗa mai kaurin atam ɗaya ko biyu. Karkatar da nake nema ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ɗaya ba. Duk aikin da na yi daga nan, neman hanyar ganin wannan ƴar karkata ne.

Na fara da bobin, wato naɗin wayar da zai zama maganaɗisun lantarki. Akwai wani dattijo bayan babbar kasuwa da ke naɗin injin fanka da famfon ruwa da janareto. Na kai masa zane da wani ƙaton ƙusa da nake so ya naɗa wayar a kai. Ya juya ƙusar a hannunsa, ya dube ni.

"Malam, bobin da ba ta juya komi, mi za ta yi maka?"

"Baba, so nake in sa mata kuran ta ja, in cire ta saki sarai, in juya waya ta ja ta ɗaya gefen."

"To wagga ƙusa ba ta sakin maye. Ko ka cire kuran tana riƙe da saura. Bari ka gani."

Ya shiga ciki ya fito da taransifon wata tsohuwar sitabilaiza da ta ƙone, ya zare siraran farantan ƙarfen da ke cikinta, ya jera su ya ɗaure. Bai taɓa jin labarin yankunan maganaɗisu ba, amma abin da ya zaɓa shi ne daidai: ƙarfe mai gauraye da silikon, wanda iyakokin yankunansa ke tafiya ba tare da sarƙewa ba, shi ya sa ba ya riƙe saura. Ya naɗa mini wayar jan ƙarfe zagaye 800, yana ƙirgawa a ransa yana amsa gaisuwar masu wucewa, bai ɓata ba. Jaka uku ya karɓa, ya ce kuɗin waya ne kawai.

Na so in saka masa da wani abu, sai na nemi ƴar bobin mai siririyar waya cikin tarkacensa, na cusa mata tarin wayar ɗaurin rodi, muka haɗa da amfilifayar da wani ya kawo gyara. Na riƙa kusantar da maye a hankali, sai lasifika ta ɗauki wani sauti, shuuu, da ƙananan tartsatsi a ciki. In na tsayar da hannu sautin ya tsaya. Yaran shagon duk suka taru. Na gaya musu cewa Pierre Weiss ne ya fara cewa, a 1907, ƙarfe a rarrabe yake yanki-yanki, kowane yanki da alkiblarsa, kuma Heinrich Barkhausen ya ji wannan sautin a Jamus a 1919. Iyakokin yankunan ne ke fizgewa daga inda suka maƙale. Dattijon ya karɓi mayen ya gwada da kansa har sau da yawa. Ya ce, "Ashe shi ya sa wani ƙarfe ke ɗumi a banza." Haka ne kuwa, wani ɓangare na zafin taransifo daga wannan fizgar yake.

Matacin haske, wato ledar da ke barin haske mai kaɗawa ta alkibla ɗaya kawai ya wuce, na nema wurin ƴan gyaran waya. Kusan kowane allon waya yana da irin wannan leda a manne, kuma matattun allo a wurinsu tuli ne. Na ɓare da yawa, na wanke gam ɗin da fetur, amma in na gicciya biyu na duba tocila, haske ba ya mutuwa sosai, sai ya koma shuɗi ko ja. Yawancin ledojin waya suna da wata shimfiɗa ta biyu a gefe ɗaya wadda ke murɗa haske don gyara launin allo. Na tsofaffin kalkuleta ne suka yi, su tsura ne, in ka gicciya su duhu kake gani. A jikin kalkuletar kuma na samu ɗan gilashin sola, shi ya zama idon da ke auna haske. Leza ja irin ta nuni na yi amfani da ita, na ba ta batir nata daban. Ma'aunin Hall, wanda ke faɗin ƙarfin maganaɗisu, da allon Arduino mai kai awon zuwa kwamfuta, wani ɗan kasuwa ya taho mini da su daga Kano. Da na ɗora ma'aunin a bakin bobin na sa amfiya 2 daga batirin mota, ya nuna militesla 80 da ɗan kai.

Shirin kansa ba shi da yawa. Leza ta ratsa mataci na farko, ta bugi guntun da ke manne a bakin bobin kusan a miƙe, ta dawo ta ratsa mataci na biyu, ta faɗa kan gilashin sola. Dabarar tana wurin mataci na biyu. In ka gicciya shi sarai, duhu ne, ƴar karkatar ba ta sauya komai da za a iya aunawa. In ka buɗe shi da yawa, haske ya yi yawa ya haɗiye ta. Sai ka kauce wa giccin da digiri uku ko huɗu. A nan ne karkatar da ba ta kai komai ba take zama sauyin haske na kashi biyu ko uku cikin ɗari.

Kashi biyu cikin ɗari kuwa, komai yana iya kawo shi. Tirela in ta wuce kan titi, tebur ya girgiza, layin da kwamfuta ke zanawa ya yi tsalle. Ƙurar hunturu in ta ratsa hasken, ya yi tsalle. Leza kanta sai ta yi kusan rabin awa a kunne kafin haskenta ya natsu. Na sauke komai daga tebur na ɗora a kan katako mai kauri bisa daɓen siminti, na kifa kwali da na shafa wa baƙin fenti a ciki, na koma yin aiki bayan sallar isha'i. Duk wani noti na ƙarfe da ke kusa da bobin na maye shi da na tagulla ko na roba, domin bobin tana jan sa, shi kuma ya ja abin da yake riƙe da shi.

Da waɗannan suka lafa sai wata matsala ta fito fili. Kowane guntu na sa, zanen da kwamfuta ke fitarwa layi ne miƙaƙƙe mai gangara, haske yana ƙaruwa daidai da ƙarfin bobin. A nan silikon tsuran ya yi amfaninsa. Na manna shi, ga layin nan bai sauya ba, alhali babu ko ƙwayar kobal a kansa. Da muka yi magana da abokina ta WhatsApp ya ce in nuna masa shirin da kyamara. Yana gani ya ce, "Malam, wancan gilashin fa?" Ƴar tabarau ce mai tattara haske da ke tsakanin guntun da mataci na biyu. Gilashi ma yana karkatar da haske in yana cikin ƙarfin maganaɗisu, abin da Michael Faraday ya gano a 1845, kuma kaurin tabarau milimitoci ne, ba nanomita ba. Na mayar da ita bayan matacin, inda karkatarta ba ta da tasiri. Layin silikon ya kwanta shamal.

A daren na manna mai nanomita 0.6. Na kai bobin ƙarshenta ta gefe ɗaya, na fara rage kuran. Layi yana tafe a miƙe, bai sauka ba. Na kai sifiri, yana nan a sama. Na juya waya na fara ƙarawa ta ɗaya gefen, militesla 5, 10, 15, bai motsa ba. Wajen 20 sai ya faɗo gaba ɗaya lokaci guda, ya sake miƙewa a ƙasa. Na dawo da shi, ya yi haka ta ɗaya gefen. Zane mai kusurwa huɗu, irin wanda na sha gani a takardun bincike. Ma'anarsa ita ce, ko babu wani ƙarfi daga waje, maganaɗisun yana tsaye cak, kuma hali biyu kawai ya sani, sama ko ƙasa. Na maimaita har batir ya fara sanyi, ban gaji da kallonsa ba. Gani ya kori ji.

Mai nanomita 2 bai ba ni komai ba sai ɗan layi mai gangara kaɗan da ya ratsa ta sifiri. A kwance yake, bobin tana ɗan ɗaga kansa, in ta saki ya koma. Bisa lissafina sai an kai sama da militesla 700 kafin ya miƙe sarai, kusan ninki goma na abin da nake da shi. Ƙarfe ɗaya ne, inji ɗaya ya shimfiɗa su, bambancinsu atam bakwai ne a kauri.

Na tsakiyan ne ya fi ɗaukar hankalina. Zanensa ya karkace, ya cika, wato ya miƙe sarai, a wajen militesla 60, amma in an cire kuran sai ya koma kusan sifiri. Wanda ya duba da gaggawa zai ce a kwance yake. Ba haka ba ne, da a kwance yake da ƙarfin bobin ɗina bai cika shi ba. A tsaye yake, sai dai ya rarrabu. Iyakar da ke tsakanin yankin sama da na ƙasa, wadda ake kira bango, tana da nata farashi, kuma farashin yana bin ƙarfin fifikon alkibla. A kusa da kunnen doki fifikon ya yi rauni, bango ya yi araha, sai ƙarfen ya ga ya fi masa sauƙi ya yanyanka kansa siraran layuka, wannan sama wannan ƙasa, kowane layi yana rufe ƙarfin maƙwabcinsa. Leza tana haska dubbansu lokaci ɗaya, sai ta ba da jimla, jimlar kuwa sifiri ce.

Daga nan sai na so in ga yankunan da kansu, ba jimlarsu ba. Na ari ƙaramin idon maikuroskof mai ninki huɗu daga ɗakin gwajin makarantarmu, na cire wa kyamarar kwamfuta tabaraunta, na haɗa su da bututun roba na famfo. Leza ba ta yi a nan, hotonta yana fitowa da ɗige-ɗige, sai na sa jan ƙwai na LED. Da yake hasken a ɗan karkace yake shiga ya fita, tsakiyar hoton kawai ke fitowa tar, sama da ƙasa a dushe. Wannan ya ishe ni. Na kashe duk abin da kyamara ke daidaitawa da kanta. Hoto ɗaya ba ya nuna komai, domin bambancin bai wuce ƴan matakan toka-toka ba. Sai na riƙa ɗaukar hoto ɗari in haɗa su da manhajar ImageJ, wadda kyauta ce. Da farko in cika guntun da ƙarfi ta gefe ɗaya in ɗauki hoton tushe. Sannan in ba shi ƙarfi ta ɗaya gefen, ƙasa da wanda ke juya shi nan take, in sake ɗauka, in debe na farko daga na biyu. Duk abin da bai sauya ba ya ɓace, ƙura da ƙarzuna da rashin daidaiton haske, sai abin da ya juya kawai ya rage.

A militesla 12, bayan ƴan daƙiƙoƙi, wani baƙin ɗigo ya bayyana kusa da wani ƙarzane. Na sake ba da ƙarfin na ɗauka, ɗigon ya zama da'ira. Na sake, ta ƙara faɗi. Bakinta ba sumul yake ba, yana da ƴan lanƙwashe-lanƙwashe. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Gulbi ranar da ruwan farko ya iso ya san tafiyar nan: bakin ruwan yana bin busasshen yashi, nan ya yi gaba, can ya tsaya a bayan wani ɗan tudu, ya kewaye shi ta gefe biyu, wani lokaci ya haɗe a gaba ya bar tsibiri. Haka bangon ya yi da wata ƙwayar datti da ke cikin shimfiɗar. Ya maƙale, ya lanƙwashe ta bayanta, gefen biyu suka haɗu, aka bar ɗan farin tabo da bai juya ba sai da na ƙara ƙarfi sosai. Bangon kansa ba na ganinsa, faɗinsa bai wuce nanomita goma ba. Abin da kyamara ke nunawa shi ne inda baƙi ya ƙare fari ya fara. Na lura kuma da cewa in na goge na sake farawa, a wuri ɗaya ɗigon yake fitowa, a bakin ƙarzanen nan, inda fifikon alkibla ya fi rauni. A guntun tsakiya kuwa babu da'ira, hoton gaba ɗaya yake yin duhu a hankali, domin layukansa sun fi ƙarfin idon maikuroskof ɗina.

Na fara kawo ƴan ajin ƙarshe, biyar-biyar, da yamma. Wata ɗaliba ta dubi da'irar tana girma ta ce, "Malam, to in aka rage ƙarfin sosai aka bar shi ya daɗe, zai juye duka?" Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ke nan, kuma ba ni na kawo ta ba. Muka sa militesla 8 muka zauna. Minti goma, bangon ya ɗan gusa. Muka rage zuwa 6, sai da muka jira kusan awa kafin mu ga bambanci. Bai tsaya ba, rarrafe yake yi. Ƙarfin bobin shi kaɗai bai isa ya fizge bangon daga inda ya maƙale ba, amma zafi yana girgiza atam, wani lokaci girgizar ta taimaka wa ɗan guntun bango ya tsallake, sai na kusa da shi ya biyo. A 1998 Lemerle da abokan aikinsa a Orsay, kusa da Paris, sun auna wannan rarrafen a irin wannan shimfiɗa ta filatinam da kobal da filatinam, suka tabbatar da wata doka mai ban mamaki: in ka ɗauki logaritim na gudun bangon, ka zana shi da ƙarfin maganaɗisu da aka ɗaga zuwa ragin ɗaya bisa huɗu, layi miƙaƙƙe kake samu. Muka auna gudun a ƙarfi daban-daban da rula a kan allon kwamfuta, ɗaliban suka yi lissafin da kansu. Ɗigoginmu ba su da yawa, kuma sun ɗan warwatsu, amma a kan layi suka jeru. Ninka ƙarfin sau biyu ya ninka gudun fiye da sau ɗari.

Yanayin Maraɗi ya ba mu gwajin da ban shirya ba. Mun yi awon farko a watan Janairu, lokacin da ɗaki ke sanyi da dare. Da muka maimaita a Afrilu, ma'aunin zafi a ɗakin ya haura 40, sai ga bangon yana gudu ninki da yawa a ƙarfi ɗaya, kuma zanen mai kusurwa huɗu ya ɗan tsuke, yana juyawa tun kafin 20. Daga nan na manna ma'aunin zafi a jikin katakon, kowane awo sai an rubuta zafinsa a gefe. Na kuma sa ɗan siririn kwali tsakanin bakin bobin da guntun, na daina barin kuran ya daɗe, don ɗumin waya kada ya shiga lissafi.

Na dage a kan ɗalibai su fahimci wannan sashen, domin shi ne ya haɗa abin da ke kan katakonmu da kayan da ke hannunsu. Ajiye bayani a maganaɗisu yana nufin wani ɗan yanki ya riƙe sama ko ƙasa shekaru, zafi bai juya shi ba. Gwargwadon ƙanƙantar yankin, gwargwadon sauƙin da zafi ke samu, sai dai in fifikon alkibla ya yi ƙarfi. Shunichi Iwasaki na jami'ar Tohoku a Japan ya kawo shawarar rubuta bayani a tsaye a 1977, kuma a 2005 Toshiba ta fitar da faifan ajiya na kwamfuta na farko mai aiki haka. A faifan, tsayuwar daga tsarin ƙwayoyin gaurayen kobal da kuromiyam da filatinam take zuwa, ba daga fuska ba. Wadda ta fito daga fuska, irin tamu, ita ce ke cikin sabuwar ma'ajiyar kwamfuta mai aiki da maganaɗisu da ake kira MRAM, bayan da masanan Tohoku suka nuna a 2010 cewa gaurayen kobal da baƙin ƙarfe da boron mai kaurin nanomita 1.3 yana tsayawa in ya haɗa fuska da magnesiyam oksaid. A ganina ba daidai ba ne yaro ya gama lise yana zaton wannan ilimi sai an haye teku ake taɓa shi. Shimfiɗar ce ba za mu iya yi a nan ba tukuna. Awon kuwa mun yi shi.

Abin da ke gabana yanzu shi ne cikin bangon. Tsakanin sama da ƙasa maganaɗisun yana juyawa a hankali, kuma hanya biyu ce: ko ya murɗa yana bin tsawon bangon, irin da aka sa wa sunan Felix Bloch, ko ya kifa yana ratsa shi, irin na Néel. A inda fuskar sama da ta ƙasa ba iri ɗaya ba ne, akwai wani ƙarfi da Dzyaloshinskii ya bayyana a 1958, Moriya ya ƙarasa bayaninsa a 1960, wanda ke tilasta wa bango ya zama irin na Néel kuma ya juya ta hannu ɗaya kawai. Masana a Koriya ta Kudu sun nuna a 2013 cewa ana gane shi da irin kayan da nake da su: a ƙara wani ƙarfin maganaɗisu a kwance yayin da da'irar ke girma, sai gefe ɗaya ya fi ɗayan gudu, da'irar ta goce. Na roƙi abokina guntun da ke da filatinam a ƙasa da wani abu daban a sama, don bambancin ya fito sosai. Wahalar tana wurin saiti. Ana bukatar kamar militesla 100 a kwance, kuma in guntun ya karkata da digiri ɗaya tak, kusan militesla 2 daga ciki za su zama a tsaye, wanda ya isa ya sauya gudun bangon ya rufe abin da nake nema. Saboda haka sai an sassaƙa mazaunin da ake karkatarwa da noti mai siririn zare, na tagulla, kuma sai an samu ƙarfen taransifo mai siffar kofaton doki wanda bakinsa zai bar wa haske hanya. Na kai wa kafinta zanen mazaunin, dattijon kuma ya ce akwai wata tsohuwar injin walda da mai ita ya haƙura da gyaranta, in an kwance ta zai aiko yaro ya kira ni in zo in auna faɗin ƙarfen.